Buhunan Godiya a Ɗakin Dattijo Ishaya

Salamar Ubangiji ta tabbata ga duk wanda wannan takarda ta shiga hannunsa. Sunana Ladi, amma a ƙauyenmu da ke gefen Dayi, Maman Rifkatu aka fi sani. Ni ba gwanar rubutu ba ce, ajin manya na coci ne ya koya mini baƙi, shi ma sai da na sha gardama da malamar. Abin da ya zaunar da ni shi ne kaka ta sake zagayowa, ina ganin mutane sun fara ɗura hatsi a buhu, ni kuma na san wani abu da ban sani ba bara. Bara war haka mijina Ishaya yana da rai.

Shekara talatin da huɗu muka yi tare. Shi mutum ne mai sanyi, ni kuwa kowa ya san bakina ba ya ajiye magana ta kwana. Da ƙuruciyarsa ya yi aiki a injin gurzar auduga a Funtua, ya daɗe sosai, ya dawo gida da ɗan jarin noma da kuma tari. Tarin nan ya zama ɗan gida, har mun raɗa masa suna tarin auduga. In sanyi ya shigo ya motsa, in zafi ya zo ya kwanta. Daga baya ikilisiya ta naɗa shi dattijo.

A cocinmu godiyar kaka ba rana ɗaya ba ce. Daga lokacin da aka fara girbi, kowace Lahadi mutum zai kawo baikonsa gwargwadon abin da ya shigo gida a makon, wani masara, wani wake, har a kai ga dawa. Bayan sujada a ɗora a amalanke a kai ma'ajiya. To, bara waccan ɓarayi sun fasa ma'ajiyar cocin sun yi mata ƙarƙaf. Da kakar bara ta zo sai majalisar dattawa ta ce a kai ɗakin Ishaya, don shi ne mai daɓen siminti da ƙofar ƙarfe, kuma ba ɓarawon da zai shiga inda mutum yake kwance.

Na ce masa, "Baban Rifkatu, kai da buhu, wa zai hau gado wa zai kwana ƙasa?"

Ya ce, "Hatsin Allah ne, Ladi. Ba ya minshari, ba ya mita. Ya fi wasu daɗin zama."

Na ce na ji, kuma na san da wa yake.

Duk manomin yankin nan ya san ƙwayar nan mai launin toka da muke ce wa bom. A ƙulle ta a tsumma, a tura cikin buhu, a ɗinke baki da basilla, shi ke nan ƙwari ba za su taɓa hatsin ba. Mun san guba ce. Muna ɓoye ta daga yara, muna wanke hannu da toka da sabulu in mun taɓa. Amma a saninmu guba sai an ci take kisa. Ba wanda ya taɓa gaya mana cewa tana narkewa ta zama iska, ta ratsa buhu ta cika ɗaki na 'yan kwanaki. Da can a ma'ajiya ake sa ta a kulle a tafi, shi ya sa ba ta taɓa nuna mana halinta ba. Na faɗi wannan tun yanzu ne don mai karatu ya ga abin da mu ba mu gani ba.

Lahadin farko aka kawo buhu huɗu, Ishaya ya sa musu ƙwaya da yamma ya ɗinke. Da safiyar Litinin ya tashi da ciwon kai, ya yi amai, ya ce ƙirjinsa kamar an ɗaure da igiya. Na kai shi kemis a Dayi a bayan babur. Mai kemis ya taɓa goshinsa ya ce zazzaɓin cizon sauro ne, ya yi masa allura. Kafin Juma'a ya warware, ran Asabar har ya leƙa gona. Da Lahadi ta zo na miƙe a coci na ba da shaida cewa Ubangiji ya taɓa mijina, aka yi tafi.

Daga wannan Lahadin ne na karɓi aikin buhunan, na ce ya huta. Shi ƙwaya ɗaya yake sawa. Ni kuwa na ce ba a gidan Ladi za a buɗe hatsin Allah a tarar da gari ba, matan zumuntar coci su sami abin faɗa. Sai na riƙa sa bibbiyu, na wake ma uku, don wake ya fi saurin lalacewa. Ina yi ina rera waƙa.

Litinin ta biyu abin ya fi na farko. Numfashi yake ja yana kama bango. Muka tafi wani asibiti a Malumfashi. Mun isa rana ba ta yi zafi ba, amma ba mu ga likita ba sai bayan azahar. Layin yankan kati daban, layin awo daban, kuma duk inda ka je sai a ce ka koma inda ka fito. Na yi faɗa da mai kiran suna har Ishaya ya ja gefen zanena. Likitan dai mutumin kirki ne, gajiya ce kawai ta cika masa ido. Ya sa abin saurare a bayan Ishaya, ya tambayi sana'arsa. Kafin mai ciwon ya buɗe baki na riga shi, na zayyana shekarun auduga kaf. Likita ya gyaɗa kai ya ce, "Huhun ne ya tsufa kafin mai shi." Ya ba shi gado da ƙarin ruwa da abin shaƙa. Bai tambayi inda yake kwana ba, ni ma ban ga dalilin faɗa ba.

Kwana uku a asibitin sai ga Ishaya garau, yana cin tuwo yana yi wa maƙwabcin gadonsa ba'a. Akuyoyina biyu suka tafi a wannan zuwan, ban ji zafinsu ba ko kaɗan. Da za a sallame mu likita ya ja mini kunne, ya ce kada sanyi ya taɓa ƙirjin nan.

Ni kuwa in aka ba ni umarni har ƙari nake yi. Ɗakina yana da tsaga a bango, iska tana shiga ta ko'ina, don haka ban ko yi tunanin mayar da shi can ba. Na samo kwali da leda na toshe tagar ɗakinsa, na cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa, na rataya bargo a kanta. Na tsaya na duba aikina na ce ko sauro sai ya nemi izini. Garin neman gira na rasa ido.

A mako na uku yayarsa, Gwaggo Talatu, ta zo ta tare a gidan. Ta kawo maganinta na tari, tafarnuwa dakakkiya da zuma, tana ba shi safe da yamma. Ɗakin ya riƙa wani wari mai kama da na tafarnuwa, mai hawa kai. Na ɗora wa maganin Gwaggo laifin, har na ce mata ta kusa korar mu daga gidan. Ashe warin ƙwayar ne haka.

Da ya sake faɗuwa ran Litinin, Gwaggo ta ja ni bayan rumbu ta rage murya.

"Ladi, ke ba ki lura ba? Duk ranar da aka yi masa addu'a a coci, washegari sai ya kwanta. Asabar lafiya, Lahadi lafiya, Litinin ƙasa. Wane irin ciwo ne ya san kwanakin mako? Wannan ba na asibiti ba ne. Magabci ne yake ramuwa."

Gwaggo ta ga gaskiya, fassarar ce ta kuskure. Ni ma na yarda da ita, don lissafin ya fita daidai. Muka gaya wa Fasto. Shi dai ya yi hankali, ya ce kada a daina magani, addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne. Amma shi ma bai ga abin da ke haɗa Lahadi da Litinin ba, alhali da bakinsa yake sa wa buhunan albarka kafin a ɗora su a amalanke.

Matan zumunta suka ɗauki azumi, suka zo da la'asar ranar Talata. Muka shiga ɗakin mu tara, muka rufe ƙofa saboda sanyi, muka durƙusa tsakanin gado da buhuna. An yi waƙa, an yi kuka, an tsawata wa Shaiɗan. Biyu daga cikinsu suka fito suna jiri, ɗaya ta yi amai a gindin darbejiya. Muka ce lalle yaƙin ya yi zafi. Ni ma kaina ya daɗe yana sarawa, na ce gajiyar jinya ce. Allah ya saka wa matan nan, sun bar roron wakensu a gona sun zo, kuma da zuciya ɗaya suka zo.

Addu'ata da ta Ishaya ba iri ɗaya ba ce. Ni in na durƙusa kamar na je bin haƙƙina ne. Ina lissafa wa Ubangiji shekarun da mutumin nan ya yi yana share coci, da marasa lafiyar da ya yi wa dubiya, in ce ashe sakamakon ke nan? Shi kuwa sai ya ce, "Uba, ka san abin da ban sani ba. Ka riƙe ni." Shi ke nan. Wata rana haushi ya kama ni na ce, "Kai ko roƙon warkewa ba za ka yi da ƙarfi ba?" Ya ce, "Ai kin wadatar, Ladi. In muka haɗu mu biyu muna ihu, maƙwabta za su ce gobara ce." Ya yi dariya, dariyar ta koma tari.

Lahadi ta huɗu ita ce babba, ranar dawa. Buhuna suka kusa taɓa rufi, sai wata 'yar hanya daga ƙofa zuwa gado. Na yi aikina da yamma yadda na saba. Ran Litinin bai iya kwanciya ba, sai zaune, an tokare shi da matasai. Ƙafafunsa suka kumbura, leɓɓansa suka sauya launi. Na ce mu koma Malumfashi, Gwaggo ta ce a bari a cika sabon azumin kwana uku da aka ɗauka tukuna. Muna cikin wannan ja-in-jar ranar Talata da hantsi sai muka ji mota a ƙofar gida.

Alhaji Mamman ne, abokin Ishaya tun zamanin injin auduga, yanzu babban mai sayen hatsi a kasuwar Funtua. Ya yi tafiya ne, sai da ya dawo ya ji labari. Na ɗaga masa bargon ƙofa, ya yi sallama ya sa ƙafa ɗaya, sai ya tsaya. Ya shaƙi iskar ɗakin, ya dubi buhunan, ya dubi tagar da na toshe.

"Maman Rifkatu, an sa wa hatsin nan bom?"

Na ce an sa.

"Kuma a nan yake kwana? Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Ku fito da shi! Yanzu, yanzu!"

Bai jira kowa ba. Ya cire babbar rigarsa ya yar, ya sungumi Ishaya ya fito da shi tsakar gida. Yana haki yana cewa, "Mu a sito in mun sa ta, kulle ƙofa muke yi mako guda, ko maigadi ba ya kwana kusa. Wallahi ɓera ma ba ya kai safe a ciki. Guda nawa kuke sa wa buhu?"

Gwaggo tana tsaye, maƙwabta sun fara taruwa. Na buɗe baki na ce, "Ɗaya." Ni da ake cewa ba na ɓoye magana, ranar na yi ƙarya, kuma ta fita da sauƙi.

A motar Alhaji muka tafi Funtua. Likitar da ta karɓe mu mace ce, ba ta wuce sa'ar 'yarmu Rifkatu ba. Alhaji ya yi mata bayani, ta saurara, ta sa aka ɗaura masa iskar numfashi. Bayan gwaje-gwaje ta kira ni gefe. Maganarta tana kunnena har yau. "Mama, wannan gubar ba ta da makari. Ta taɓa zuciya. Za mu tallafi zuciyar, mu ga ko za ta tashi."

Kwana tara muka yi. Ba zan ɓoye ba, an sha wuya. Wani gwajin sai an fita waje, wani maganin sai an zagaya shaguna uku a Keke Napep. In wuta ta ɗauke sai hankalin kowa ya tashi har a tada inji. Akwai ma'aikaciyar da in ka kira ta sai ta dube ka kamar ka taka mata sabon zane. Akwai kuma wadda take zuwa ta gyara masa matashi ba a roƙe ta ba, tana ce masa Baba. Sanmu na noma ya bi akuyoyin. Rifkatu, da take aure a Funtua, ita ke kawo abinci. Wata Hajiya da ke jinyar mijinta a gadon kusa da mu kullum sai ta zuba mini kunu, ta ce, "Sha, 'yar'uwa, mai jinya ma majinyaci ne." Alhaji Mamman bai tsallake rana ko ɗaya ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kowa yana neman ɗaukar laifin. Fasto ya zo ya zauna a bakin gado yana share hawaye, yana cewa ikilisiya ce ta ɗora wa dattijonta kayan da ya danne shi. Gwaggo ta ce tafarnuwarta ce ta rufe warin. Alhaji ya ce da bai yi tafiya ba. Ni ina zaune ina jin su. Addu'a ta ƙafe mini ƙaf. In aka ce mu rufe ido sai in rufe, amma ba abin da nake gani sai yatsuna suna ƙulla tsumma. Da wane baki zan yi wa Allah faɗa yanzu?

A rana ta shida da safe, bayan na goge masa jiki, Rifkatu ta fita karɓo magani, muka rage mu biyu. Na ce in ban faɗa yau ba, wataƙila ba zan sami wanda zan gaya wa ba har abada. Na durƙusa a gefen gadon.

"Baban Rifkatu, na yi wa Alhaji ƙarya. Ba ɗaya nake sawa ba. Bibbiyu ne, na wake uku. Kuma ni na toshe tagar. Da hannuna na yi maka wannan."

Ya ɗan janye abin hancinsa. Magana tana yi masa wuya, yana yi yana hutawa.

"Na sani. Ina kallon ki daga gado."

Na ɗago kai.

"Daɗi ma na ji. Na ce matar nan ta fi ni kula da kayan Ubangiji." Ya huta. "Ni na ce a kawo su ɗakin. Ke kika ƙara ƙwaya. Duk jahilcin namu ne, mu biyu. In za ki ɗauka, ki bar mini rabina. Kin cika son kwashe komai."

Na kifa kaina a kan katifar. Ya ɗora hannunsa a kan ɗankwalina, hannun ba nauyi.

"Yi mana addu'a."

Na ce ba zan iya ba, ta ƙi fitowa.

"To ki yi masa faɗan naki. Ai ya saba da ke. Shirun nan ne ba na so."

Na yi. Ba addu'ar da za a yi a gaban jama'a ba ce. Na ce, "Uba, kana gani ina ƙullawa, me ya hana ka buge hannuna?" Na faɗi wasu ma da ba zan rubuta ba. Da na gaji na yi shiru, sai Ishaya ya ce, "Cikin sunan Yesu," na ce amin. Da Alhaji ya zo da yamma na gaya masa gaskiya, na gaya wa Gwaggo da Rifkatu. Gwaggo ta kwana biyu ba ta yi mini magana ba, kuma ban ga laifinta ba.

Ya cika ranar Alhamis da hantsi, saura 'yan kwanaki Kirsimeti. Ba wani tashin hankali, numfashin ne ya riƙa nisa da juna har ya daina dawowa. Muka kai shi gida. Masu hatsin Funtua sun zo jana'izar da yawa, suka zauna a inuwa a waje har aka gama.

Ana ta gaya mini in yi haƙuri, yana wurin Ubangiji. Na gaskata. Na gaskata akwai tashin matattu, kuma zan ga Ishaya da ƙirjin da ba ya tari. Amma kada wani ya ce muku bege yana hana zafi. Abin da yake yi mini shi ne ya tashe ni da safe in ɗora ruwa a wuta.

Ku manoma 'yan'uwana, Kirista da Musulmi, ku ji da kyau. Buhun da aka sa wa ƙwayar nan ba ya kwana ɗaki ɗaya da mai rai, ko da ɗakin yana maƙwabtaka da naku ta bango mai tsaga. Gara ɓarawo ya kwashe. In kun kai mara lafiya asibiti, ku faɗi inda yake kwana da abin da ke cikin ɗakin, ko ba a tambaye ku ba. In ciwo yana warkewa a asibiti yana dawowa a gida, ku yi addu'a, sannan ku buɗe ido ku dubi gidan.

Hatsin kuwa, an kwashe shi zuwa wani kango aka kulle, daga baya aka shanya shi ya sha iska sosai. Da damina ta yi tsakiya, lokacin da rumbuna suke yin ƙasa, aka buɗe shi. Al'adar cocinmu ita ce kafin a sayar da ko tiya ɗaya, sai an fara auna wa gwauraye, matan da mazansu suka rasu. Shekaru da yawa ni ce mai kiran sunayensu. A wannan karon matar Fasto ce ta riƙe takardar. Ta kira na kowa, ta zo na ƙarshe, wanda shi ne nawa, ta kasa kira. Na miƙe da kaina na je na shimfiɗa zanena, aka auna mini dawa da wake.

Rifkatu ta ce, "Mama, ki bayar da shi. Yaya za ki iya haɗiye wannan?" Na ce ta bar shi tukuna. Mako guda yana ɗaure a kusurwar ɗakina, ina shiga ina kauce masa da ido. Ran da na kwance, na zuba waken a faifai ina tsincewa. Fari tas, ko huda ɗaya babu. Nan na ajiye faifan na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Na wanke shi sau uku na dafa. Na zuba a kwano ɗaya, na zauna a tabarma ni kaɗai. A gidanmu ba a taɓa kai hannu kwano ba a yi godiya ba, kuma kullum Ishaya ne mai yi. Na daɗe idona a rufe, abincin yana hucewa. Can na ce, "Uba, ban gane ba, kuma ban huce ba. Amma ga abinci, ga ni. Na gode."

Na kai loma bakina. Da ƙyar ta wuce, amma ta wuce.